Gidan Mai a Jikin Rijiyarmu

Duk abin da zan manta a zamana na unguwar Fegge a garin Anacha, ba zan manta da shekarar da aka so gina gidan mai a jikin islamiyyarmu ba. Ni malama ce a makarantar, kuma rijiyar da ke tsakar filin makarantar ita muke sha, mu da ɗalibai da duk gidajen layin.

Da labari ya iso, maigidana ya je wurin liman, ya dawo jiki a sanyaye. "Malam ya ce mu dage da addu'a," in ji shi. "Mu baƙi ne, wa zai saurare mu?" A Anacha aka haife ni, amma ni ma haka na ɗauka.

Ana nan sai ga wata mata 'yar ƙabilar Ibo ta sauka daga okada, wato babur ɗin haya, sanye da takalmin roba. Ta ce aikinta duba illar da gini zai yi wa muhalli kafin a ba da izini. Ta gama da maza a ƙofar masallaci, sannan ta tambaya ina matan, tunda su ke ɗibar ruwa.

Na kai ta bakin rijiya. Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta auna nisansa da inda za a binne tankunan mai, ta tambaye ni ina ruwan sama ke bi. Na ce duk damina daga filin da za a gina gidan man yake gangarowa har ya cika mana tsakar gida.

"Malama, ranar da aka yi ruwa, ki kira ni," ta ce da turancin buroka.

Ranar da aka yi ruwan na kira ta, ban sa ran za ta zo ba. Ta zo. Na tsaya a ƙofar aji ina kallonta ta jiƙe sharkaf, tana bin ruwan a ƙafa har bakin rijiyar. Sai da hawaye suka zubo mini.

An gina gidan man, amma saboda rahoton da ta kai, sai da aka matsar da tankunan can bakin titi, aka kuma fara haƙa babbar kwata. Har gobe rijiyar muke sha. Ban sake ganin matar ba, amma ina yi mata fatan alheri.

Tun lokacin na gane kada mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa ba za a ji shi ba tun bai buɗe baki ba.