Rago a Gaba, Kyanwa a Kwando

Ranar da mahaifina ya bar wa ƙanena shagon hatsi, abu biyu kaɗai ya ɗauko zuwa gidanmu na Gawon Nama: tsohuwar tiyarsa da kyanwar da ke yi masa gadin buhuna. Bai taɓa yarda yana son ta ba. In ka tambaye shi sai ya ce, "Mussa ai ma'aikaciya ta, don kusu anka aje ta." Mu dai mun san ɓerayen gidanmu ba su taɓa jin tsoronta ba, mun kuma san inda tsokar kifin Baba take tafiya.

Sai ta fara ramewa. Ta daina ci, dasashinta ya yi fari fat, ta koma kwanciya ƙarƙashin kujerarsa. Kwanon Baba ma ya fara dawowa da tuwo a ciki. Na ce mu kai ta wurin likitan dabbobi.

"Da gemuna in ɗauki mussa in bi ta gaban majalisa?" in ji shi. "Mi mutane za su ce?"

Majalisar kuwa tsaransa ne da ke zama kan tabarma a bakin titi, waɗanda ko kaza ta wuce sai sun san gidan da ta nufa.

Washegari ya samo dabara. Ya kwance ragon da yake kiwo, ƙato mai ture mutum in ya hango dusa, ya ce shi ne ba lafiya. Kyanwa aka sa ta a kwando aka rufe da tsohon zane, wai tunda hanya ɗaya ce. Haka muka cika keke mai ƙafa uku, rago tsakanin ƙafafuna, kwando a ƙasa. A majalisa aka yi ta yi wa rago addu'a.

Likitan farko, kusa da kara inda ake sayar da dabbobi, ya san aikinsa. Ya buɗe bakin rago, ya duba kofato, ya ɗura masa maganin tsutsa. Muna fita Baba ya ce, kamar yanzu ya tuna, "Af, ga wata mussa nan ma." Likita ya ɗaga zane da yatsa biyu ya ce a ba ta madara. Na biyu, a Sabon Gari, ya danna wa rago allurar ƙarin ƙarfi, rago ya yi ƙara ya dube ni kamar ni na shirya abin. Kyanwa ta samu leƙe.

Ban ga laifinsu ba. Wanda ka nuna wa rago, rago zai duba. Da Baba raina ya ɓaci, har na ce masa a keke, "Baba, in ta mutu, kunyag ga taka ita tak kashe ta." Ban taɓa gaya masa irin wannan magana ba, kuma har yau ina jin nauyinta.

Ta uku abokiyar aikin matata ce ta kwatanta mana ita, wata matashiya mai ɗan shago a Arkilla. Sau ɗaya ta kewaya rago.

"Baba, ragon ga ya hi ni lahiya. Mi ac cikin kwando?"

Ta wanke hannu ta ɗauko ta a hankali. Ta tambayi yaushe ta daina ci. Mutumin da ya ce ma'aikaciya ce kawai ya kawo ranar, ya kawo abin da ta ci na ƙarshe, har da gefen da ta fi kwanciya. Likita ta ɗebi jini kaɗan ta ɗiga a wani ɗan abin gwaji, muka jira. Ta ce cutar sankarar jini ce ta kyanwoyi, mai karya garkuwar jiki. Ba ta kama mutum, ba ta kama rago, amma ba ta warkewa. Za a yi maganin abin da ya taso, a ajiye ta a ɗaki da kwanonta, kada ta haɗu da na maƙwabta.

Baba ya ce, "Ɗiyata, da na kawo ta tun hwarko hwa?"

"Cutar dai da tana nan, Baba. Amma da ta rage wahala."

Ya gyaɗa kai. A nan na san mun samu likita, domin ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma yi masa dariya ba.

A hanyar gida kwando na kan cinyarsa, zane ya zauna a Arkilla. Daga majalisa wani ya ɗaga murya, "Alhaji, ya jikin rago?" Baba ya sa mai keke ya tsaya.

"Rago lahiya lau shike. Mussata ta ba ta da lahiya, ku sa ta addu'a."

Ɗaya ya fara dariya, ya dubi fuskar Baba, ya haɗiye abarsa.

Kyanwar ta kai har bayan damina a ɗakinsa, a kan tsohuwar rigarsa. Ragon kuwa, da magungunan da ya sha a madadinta, da babbar salla sai da mutum uku suka kayar da shi. Ranar da ta mutu 'yan majalisa suka shigo zaurenmu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya san abin da ake faɗi a irin wannan gaisuwa, sai suka zauna kawai, Baba ya sa aka kawo musu fura.