Zabuwar Ingila

Duk faɗin Batsari, har ka gangara Safana ka leƙa Runka, babu mai kunne irin nawa. Ina zaune a ƙofar gida babur ya wuce ta baya, in faɗa maka mai shi, in faɗa maka ko ya karya kumallo. Wannan baiwa kuwa a hannun kawuna na goge ta, marigayi Kawu Ilu mai gyaran rediyo.

Kun tuna yatsan nan nasa ai. Ka shiga shagonsa da sallama, ya amsa da ka, ya ɗaga yatsa sama, ido a rufe: "Shiru! Yanzu za su shigo." Su wa? Waɗansu Turawan Ingila masu gashi har kafaɗa, da suka yi kiɗansu tun ina rarrafe. Waƙarsu ɗaya minti ashirin da uku! Sai a yi minti bakwai ana jita da sarewa, mawaƙin bai ce uffan ba. Ran nan Liman ya kawo rediyonsa gyara, ya jira, ya jira, ya ce, "Ilu, wai mai waƙar nan rasuwa ya yi?"

Kawu ya ce, "Malam, gaisawa suke yi tukuna."

Kaset ɗaya ne ya fi ƙauna. Tun muna Ruma, ina saurayi a gidansa, wani malamin sakandare da aka yi wa canjin wurin aiki ya ara masa faifan garmaho na yini guda. Kawu ya jingina rikoda jikin lasifika a tsakar gida, ya danna, ya tafi la'asar. Ya yi salla, ya yi lazimi, ya gaisa da jama'a, ya dawo, Turawa ba su gama ba.

Kaset ɗin nan bai taɓa mayar da shi baya da rikoda ba. Biro yake zura masa ya yi ta juyawa kamar mai kaɗa miya. Na ce, "Kawu, ga maɓalli nan." Ya ce, "Batir na saurare ne, Bala, ba na gudu ba." Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa Ruma muka taso, matarsa Inna Rabi ta ce ya ɗauko katifa. Sai ga shi kan babur rungume da akwatin kaset kamar jariri.

"Malam, ina katifar?"

"Katifa akwai ta a kasuwa. Je ki nemo mini waɗannan a kasuwa in gani."

To, abin da ya sa kaset ɗin ya fi ɗan'uwansa daraja: a minti na goma sha huɗu kiɗa yakan lafa, sarewa ta rage ita kaɗai, sai kawai zabuwa ta yi kuka sau uku. Ƙurƙet, ƙurƙet, ƙurƙet! Daidai kan kiɗan, wallahi, kamar an biya ta. A nan Kawu yake buɗe ido ya girgiza kai. "Ka ji basira! Wa ya isa ya sa zabuwa a waƙa in ba waɗannan ba?"

Abokin sauraronsa ɗaya ne a duniya, Alhaji Lawal na Safana, malamin dabbobi mai ritaya. Duk Asabar zai hau babur ya zo, su zauna su biyu kamar masu zaman makoki, Inna Rabi ta aiko da fura. Shekara kusan talatin haka.

Sai ɗan Alhaji da ke karatu a waje ya aiko masa da akwati. Kai, akwati! Ya yi nauyin ɗan akuya. Faifan sidi shida, da littafi mai hotunan masu gashin nan sun tsufa sun yi sanƙo. Waƙoƙin dai su ne, amma wani injiniya ya wanke su, ya sake jera sautin, abin da yara ke ce wa rimis. Akwai faifan tsohon haɗi, akwai na sabo, akwai na gwaji, har da inda mai ganga ya yi atishawa aka sake daga farko.

Alhaji ya zo da shi yana taku ɗai-ɗai. Aka sa sabon. Gaskiya ya fita tas, har numfashin mai sarewa kana ji. Minti goma sha huɗu ya zo, Kawu ya ɗaga yatsa. Sarewa ta busa, ta busa, ta wuce.

Yatsa ya tsaya a sama.

"Lawal, ina zabuwar?"

Aka sa na biyu, babu. Na uku, babu. Har na shida, ko fiffike.

"Sun yanka ta! La'ilaha illallahu! Sun bar atishawa sun cire zabuwa!"

Alhaji ya gyara hula. "Ilu, bari in faɗa maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Shekara talatin ina duba kaji da zabi. Wannan zabuwar ta gida ce."

"Ta gidan wa?"

"Oho. Amma gero ta ci."

Nan aka ce a kira mai kunne ya raba gardama. Na zo, na sa aka mayar da wurin zabuwar a kaset sau uku, Kawu yana ta juya biro. Na rufe ido, na karkata kai, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Zabuwar nan ta Ingila ce. Ba ka ji sanyi-sanyi a muryarta ba? Tamu da ƙarfi take fizgar kuka. Wannan kuwa a hankali take ajiye shi, irin ta masu ilimi."

Alhaji ya dube ni, ya dubi Kawu, ya tattara faifansa ya ɗaure a bayan babur. Ko furar bai sha ba.

Shekara biyu babu shi babu Batsari. Ya sa jikarsa ta tura kukan zabuwar zuwa wani zauren masoya kiɗan a Fesbuk don a ba shi gaskiya. Ai kuwa sai Turawa suka kaure da faɗa a junansu! Waɗansu suka ce ƙarya ce, waɗansu suka ce wani haɗi ne na asali da ya ɓace, wani ma ya roƙi a sayar masa. Na kai wa Kawu labari ina murna. Bai yi dariya ba. Duk Asabar sai ya shimfiɗa tabarma ta biyu, ya ce wai don iska kada ta ɗauke ta farko. Furar mutum biyu kuma ni nake shanyewa, ba ta yi mini daɗi.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, na aika Safana. A lokacin hanyar ba ta biyuwa yadda aka ga dama, amma washegari da hantsi sai ga Alhaji ya sauko daga bayan a-kori-kura, duk ya yi buɗu-buɗu. Bai zo da akwati ba. Bayan gaisuwa ya ciro biro daga aljihu, ya juya kaset da hannunsa, ya sa. Muka zauna. Yatsan Kawu ya ɗago kaɗan daga kan bargo. Ƙurƙet, ƙurƙet, ƙurƙet.

"Ka ji ta?"

"Na ji ta, Ilu. Nasu ne bai cika ba."

Kawu ya yi murmushi. "Shekara biyu kafin ka gane. Dama kai ba ka da sauri." Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Ranar sadakar bakwai ina zaure ina ba mutane labarin yadda kunnena ya gano zabuwar Ingila, sai aka ce Inna Rabi na kirana ciki. Tana zaune da carbi.

"Bala, zabuwar nan tawa ce. Ranar da ya tafi la'asar ta hau turmi kusa da rikodar, ina kallonta."

Na ce, "Inna, shekara talatin! Mi ya hana ki faɗa?"

"Mutumin da ya bar gonarsa da gidan ubansa a Ruma, abu ɗaya ya rage da ke sa shi buɗe ido ya yi murmushi. In karɓe masa? Ai ko Alhaji da ya san gaskiya, ka ga abin da ya yi a ƙarshe."

Idona ya cika. Na ɗaga hannu na ce, Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya iya jiran abin da bai fara ba, Allah ya sa abin da ya tarar ya fi duk abin da ya taɓa ji daɗi.

Inna ta shafa, ta ce amin. Har na kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Af, mai kunne. Ba'ingiliyar taka da Babbar Salla na soya ta. Kai ka cinye cinyoyin duka biyu, har kana cewa gishiri bai ji ba."