Abin da Na Zuba a Tsohuwar Rijiya

Mun tashi da asuba daga Ƙofar Gayan, ana sallame salla, a bas ɗin ma'aikatan kula da muhalli. Ban da masu unguwa biyu, sauran duk tsofaffin 'yan bumburutu ne irina, waɗanda muka sayar da fetur a galan a bakin titi kafin ƙarfi ya ƙare. An ce za a kai mu wani ƙauye a bayan Kaduna mu ga yadda ake wanke ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ni dariya ma abin ya ba ni. Ana wanke riga, ana wanke kwano, to ruwa da me za a wanke shi?

Hanyar Kaduna wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya koma ɗaya hannun saboda aiki. Mun tsaya karin kumallo wajen Jaji. Ƙosan wurin ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma, har wani abokin tafiya ya ce a ara masa tabarau ya nemo nasa a cikin takarda. Da muka wuce Kaduna muka saki kwalta, muka bi jar hanya tsakanin gonakin masara.

Muna shiga ƙauyen dariya ta ɗauke. Mata ne a layi da jarkoki suna jiran tankar ruwa, ga kuma rijiyoyi a ƙofar gidajensu, kowace an rufe bakinta da murfin ƙarfe. A bakin gari akwai tsohon gidan mai. Tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ne ya yi tsatsa, ya daɗe yana yoyo ba wanda ya sani.

Jami'ar da ta jagorance mu, wata Hajiya mai hular kwano a kan mayafi, ta sa aka buɗe rijiya ɗaya aka jawo guga. Ruwa garau, fari tas. Ta ce in shinshina. Na ja da baya ina salati. Warin man da masu fenti ke wanke buroshi da shi na ji.

Ta ce, "Baba, shi fetur tasowa sama yake, a gan shi a kwashe. Amma akwai sinadarin da ake haɗa masa tun daga matata don inji ya ja da kyau. Shi wannan narkewa yake a ruwa kamar sukari a shayi, kuma yana riga fetur ɗin tafiya."

Don mu yarda, ta taka da mu daga gidan man zuwa rijiya ta ƙarshe da abin ya kai. Sau biyu ina zama ina hutawa a hanya.

Daga nan muka ga aikin. Inji na jawo ruwan daga ƙasa, ya hau da shi kan wata doguwar hasumiyar ƙarfe, yana zubowa iska na hura shi, sannan ya ratsa tankuna cike da gawayi. Hukuma ce ta tilasta wa mai gidan man ɗaukar nauyi, kuma duk wata ma'aikatanta na zuwa su ɗebi ruwa a kwalabe su kai awo. Ba mai buɗe rijiya sai da izininsu. Na tambaya yaushe za a gama. Ta ce wannan ce damina ta huɗu, kuma da saura.

Mai garin ya sa aka kawo mana tuwon masara da miyar kuka. Yana ba mu haƙurin ƙarancin ruwan wanke hannu, ya ce, "Malam, mu fa da farko guga muka zarga. Mun canza guga ya fi a ƙirga, yara na ta ciwon kai, muna ta zagin masu ɗinka roba."

Loma biyu na yi na janye hannu. Jama'a, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A gindin kowane duron fetur akwai guntun da ke saura, ya gauraye da ruwa da tsatsa, ba ya sayuwa. A bayan gidanmu akwai wata matacciyar rijiya. Kusan shekara ashirin a ciki nake juye shi. Maƙwabta kuma su aiko in ba su su zuba a masai don kyankyasai, in cika musu kwalba kyauta, su yi ta sa min albarka. Rijiyar da Malam mahaifina ya haƙa, wadda duk lungunmu ke sha saboda famfo ba ya kawo mana ruwa, taku goma ne tsakaninta da matacciyar. Mai ɗakina ta sha cewa ruwan na canza ɗanɗano da damina, ni kuwa in ce mata ta wanke randa.

A hanyar dawowa zuciya ta yi ta raya min in yi shiru. An cike matacciyar rijiyar tuni, garken awaki ne a kai. In na yi magana za a hana shan tamu, lungu guda ya koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, sunana kuma ya shiga bakin mutane. La'asar sakaliya muka shigo Zariya. A Tukur-Tukur aka fara sauke mutane, sai na ji bakina ya ce, "Hajiya, kada a ajiye ni a bakin titi. A kai ni har gida, kuma ki riƙo kwalabenki."

Da muka isa gida ta ɗebi ruwan rijiyarmu, ta rubuta duk abin da na gaya mata, ta ce kada kowa ya sha sai sakamako ya fito. Da hannuna na ɗora tsohon ƙyaure a bakin rijiyar na danne da dutse.

Washegari maƙwabcina, abokina tun na ƙuruciya, ya shigo da guga ya tsaya turus. "Alhaji, lafiya? Rijiyar Malam ce aka rufe?" Na zaunar da shi na kwashe labari na faɗa masa. Ya ajiye gugan ya ce, "Innalillahi. Har da ni a masu karɓar kwalbar nan."

Tafiyar nan ta koya min cewa ƙasa ba ta cinye abin da muka zuba mata, ajiyewa take ta miƙa wa na kusa da mu. Sakamako bai fito ba tukuna. Kafin ya fito ina bin gidajen lungunmu ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa da bakina, ina neman gafara. Saura gida uku. Wanda nake ta kaucewa shi ne inda aka yi suna makon jiya, don da ruwan rijiyata aka dama wa mai jego kunu. Gobe can zan fara.