Farin Ƙyallen Lauratu

A Assaga, in ka tambayi bukkar Lauratu, da leɓe za a nuna maka, ba da yatsa ba. Bafulatana ce ƴar Tumur, doguwa, marar yawan magana. Can ta yi aure, can ta tatsi shanun mijinta, har shekarar da ƴan bindiga suka kore garken suka bar mata mijin kwance a bakin rijiya. Ta taho da ƴarta da ƙwarya guda, ta kafa bukka cikin waɗanda gudun hijira ya tara.

Aikin sauro ya same ta ne don kawai ita mace ce. Ma'aikatan lafiya na Diffa suna son sanin irin sauron da ke kwana da mutane a ɗaka in kogin Komadugu ya cika ya bar tafkuna. Shugabansu, Mamman Sani, Badamagare ne mai fara'a, amma duk fara'arsa ba magidancin da zai bar shi ya leƙa ɗakin matarsa da sassafe. Dole ya koya wa Lauratu.

Bayan sallar asuba take zuwa, kafin sauro ya watse. Masu ɗaki su fito, ta kwashe abinci da ruwan sha, ta shimfiɗa fararen ƙyallaye a ƙasa da kan gado, ta fesa magani, ta ja ƙofa. Can an jima ta jawo ƙyallen waje ta tsince matattun da matsefata, ta zuba wa Mamman Sani a ƴan kwalabe. Ba a daɗe ba idonta ya buɗe. Ta san siririn da ya kwana da yunwa, ta san mai jan ciki wanda ya ƙoshi da jinin mutum.

Sai aka rasa wani yaro a ɗakin da ta yi feshi. Aka sake rasa wata tsohuwa. Ba wanda ya tsaya lura cewa bukkokin bakin tafki ake tura ta, inda masassara ta fi ɗibar mutane tun ba ta zo ba. Abin da aka gani shi ne farin yadi a kan gado. Maƙwabciyarta Yagana, wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ita ta faɗa mata gaba da gaba.

"Lauratu, fari a kan gadon mai rai? Likkafani kike yawo da shi gida-gida, ko ba ki sani ba?"

Lauratu ta ce ƙyalle ƙyalle ne, ta wuce. Amma gaskiya ita ma tsoronsa take ji, don da hannunta ta miƙa farin yadin da aka naɗe mijinta. Ta shimfiɗa shi a ɗakuna ba iyaka, ba ta taɓa yarda ya shiga nata ba. A bayan bukka take rataye shi, kuma ba ta son iska ta kaɗa shi tana kallo.

A damanar nan ne ƴarta Ummusalma, wadda aka aurar cikin Diffa, ta dawo goyon ciki. Ƴar fari ce, kuma Lauratu ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba. "Ke" take ce mata, in gaban mutane ne ta ce "wance". Ba ta kallon fuskarta, ba ta tambayarta yaya jiki. Ta bar mata gadon da sangen hana sauro da ke kansa, ita ta koma tabarma a tsakar gida. Ummusalma kuwa kunyar cikin fari ta rufe mata baki. Haka suka zauna, kowace tana kare mutuncin ƴar'uwarta da shiru.

Furar da ake ajiye wa yarinyar ta fara kwana a ƙwarya. Lauratu ta gani, ta kau da kai. Wata safiya ta shiga ɗaukar buta, sai ta hangi sauro a jikin sangen, daga ciki, ya yi nauyi ya kasa tashi. Ta fito ta tsaya gaban ƙyallen nan ta rasa abin yi. In ta shimfiɗa shi a gadon ƴarta, ko maganar Yagana gaskiya ce? In ba ta shimfiɗa ba, me ke kwana da yarinyar? Daga ƙarshe ta ciro shi.

"Ke, fito waje," ta ce.

Yagana ta leƙo ta kan zana. "A kan gadon mai ciki? Ki ji tsoron Allah."

Lauratu ta shige ɗakin. Ta kakkaɓe sangen, sai ga yaga ta gefen bango, wadda da ta taɓa zama bakin gadon nan da tuni ta gani. Ta shimfiɗa, ta fesa, ta ja ƙofa. Da ta jawo ƙyallen cikin haske, kamar an watsa masa garin tattasai. Kusan duka masu jan ciki ne. Ta danna ɗaya da yatsa, jini ya ɓata farin, kuma mutum ɗaya ne ke kwana a ɗakin.

Ta yar da matsefata ta kama haɓar ƴarta. Jikin kamar garwashi. Ta ja fatar idonta ƙasa yadda ta ga ana yi a gidan likita, ta tarar babu ja ko kaɗan.

Motar Mamman Sani ce ta kai su Diffa. Ungozoma ta soki yatsan yarinyar ta auna, ta ce masassarar sauro ce, ta shanye mata jini, ba kuma yau ta fara ba.

"Wa ke kula da ita?" ta tambaya a fusace.

Lauratu ta sunkuyar da kai.

Ana ɗaura wa Ummusalma ƙarin ruwa idanunta suka juye, wuyanta ya saki. Ungozoma ta aika a nemo jini, ta juyo kan Lauratu.

"Ke ce uwarta? Riƙe hannunta ki yi ta kiran sunanta, kar ki bari ta yi nisa."

Lauratu ta buɗe baki, sunan ya maƙale. Shekara da shekaru yana nan a maƙogwaronta, bai san hanyar fita ba. Ta ji hannun da ke cikin nata yana sanyi.

"Ummusalma," ta ce a hankali. Ta sake faɗa da ƙarfi, har masu jinya suka waigo. Ta yi ta faɗa, hawaye na zuba, ba ta damu da wanda ke ji ba.

Can gashin idon yarinyar ya motsa. Ta dubi ungozoma, ta dubi ƙofa, tana neman mai muryar, kafin idonta ya sauka a kan uwarta.

"Inna," ta ce, "ke ce kike kirana?"