Tantabarun da Aka Ɓoye a Rumbu

Mun bar Wurno bayan sallar asuba, ni da likitocin dabbobi biyu, da akwatin ƙanƙara a bayan mota. Aikinsu shi ne ɗibar jinin tantabaru da kurciyoyi, don a gano ko cutar numfashin da ke kashe tsuntsaye ta taɓa su. Ni kuwa an tafi da ni ne don mutane su yarda. Na yi alkawari a masallaci cewa ba za a yanka tsuntsun kowa ba.

A Rabah mun iske an riga mu. Labari ya bazu cewa masu kisa ne ke zuwa, saboda haka kowa ya buɗe ɗakin tantabarunsa tun kafin ketowar alfijir. Muka tsaya muna kallonsu a kan katangu, su ma suna kallonmu. Kurciya uku kawai muka samu wurin wani mai tarko. Muka sha fura a tsaye, ƙanƙara na narkewa.

Hanyar Goronyo ta girgiza mana ƙashi, motocin albasa na ture mu gefe. Can na nufi gidan wani dattijo da muka yi karatun fiƙihu tare. Ya gaishe ni a sanyaye, ya nuna mana tukwanen tantabaru a jikin katanga, duk wayam. Ya ce ya sayar. Muna shirin fita sai muka ji atishawa 'yar ƙarama daga cikin rumbu.

'Ya'yansa suka tare bakin rumbun.

Dattijon ya ce: "Malam, mi na yi maka da za ka kawo min masu allura har gida?"

Na ce ban zo karɓe masa komai ba, amma ya cusa masu lafiya da marasa lafiya wuri guda, a kan geron iyalinsa, kuma na san kasuwa zai kai su. Na tuna masa babin ɓoye aibi a ciniki, wanda shi ya riga ni haddacewa. Sai ya hau da kansa ya buɗe rumbun. Biyu sun riga sun mutu.

Aka ɗebi jinin sauran a ƙarƙashin fiffike, aka mayar masa da kowace a hannunsa da ranta. Ya ce ba zai kai su kasuwa ba sai sakamako ya fito.

Da ya rako ni mota, ya tambaye ni a hankali: "Naka hwa, an duba su?"

Na iso Wurno da magariba, ina tunanin yadda na yini ina kiran mutane zuwa ga abin da ban fara da gidana ba. Bayan sallah na rufe ɗakin tantabaruna, na aika wa likitocin cewa da safe su fara da ni.