Jarumin da Ba Ya Sallama

Ina da shekara tara kakata Hajiya Dije ta zo daga Maraɗi ta yi hunturu ɗaya da mu a garin Greensboro na Amurka. Gidanmu ɗaki biyu ne a bayan titin High Point Road. Ba murhu, sai wata 'yar hita mai jan ido da take kai ƙafafunta kusa da ita bayan magariba. Ta zo da tatsuniyoyi cike da baki, ta tarar ni da yayana Sani mun ba wa gem ɗin talabijin zuciyarmu. Ta yi mana Hausa, mu amsa da Turanci, ido na kan allo.

Ba ta yi fushi ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta mayar da kanta alƙaliya.

Gem ɗin tseren motoci ta fara yi wa shari'a. "Ina za su?" Sani ya ce zagaye kawai suke yi. "Ba mai jiransu a gida? To wannan ɓarnar mai ce." Na masu naushin juna kuwa ta ce ko zakaru sai da dalili suke faɗa. Na ƙwallo ta ɗan yaba masa, don a cewarta aƙalla mutanen sun san abin da suke bi.

Wanda ya kama ta shi ne na wani saurayi mai takobi da ke bin gari gari yana neman ƙanwarsa. Dole muka riƙa fassara mata da gurguwar Hausarmu, tana gyarawa. Ta ce wannan mai hankali ne ya tsara shi, akwai tafiya, akwai zumunci. Sai ran nan ta ga jarumin ya faɗa gidan mutane, ya buɗe akwati, ya fasa tukunya ya fita.

"La ilaha! Ba sallama? Kashe tele ɗin nan, ku zo ku ji."

A nan ta ba mu labarin wani maharbi da ya fi kowa sauri a garinsu. Saurinsa ya hana shi gaisuwa. Ya wuce tsofaffi ya ɗaga hannu, ya shiga gida ya ajiye nama ya fita, kowa na cin alherinsa, ba wanda ya san amon bakinsa. Wata rana hadari ya taso yana daji, kafin ya iso an rufe ƙofar gari. Ya buga, ya kira sunan mai gadi, ya kira na mahaifiyarsa. Aka taru a bayan ƙofa ana saurare. Uwar ta ce, "Ɗana na sani, amma wannan muryar ban san ta ba." Haka ya kwana a waje ruwa na dukansa.

Muka yi dariya. Daga ranar duk gidan da jarumin zai shiga sai ɗayanmu ya yi sallama, ita ta amsa daga kujera.

Da ta koma, Baba yakan sayo katin waya duk Juma'a. Ni kuwa kunyar Hausata ta sa da na ji yana danna lamba sai in shige bayi. Nakan aika mata turare da hotuna, ina ganin na fita hakkinta. Shekara goma haka.

Lokacin da na je Maraɗi idanunta sun riga sun tafi. Na tsaya a bakin ɗakinta na yi sallama. Ta amsa, ta ce, "Wace ce?" Na sake gaishe ta. Ta karkata kunne, ta ce, "Baƙuwa, shigo mana."

Sai da na faɗi sunana. Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana shafawa, ba faɗa ba ƙorafi. Ni ce na yi kuka. Ta ce, "Rabi, muryarki ta girma ban sani ba. Zauna nan ki yi ta magana, ko me ne ne, in riƙe ta."