Injiniya Amatullahi Dayi da Bargon Kumbo

An haifi Hajiya Amatullahi a shekarar 1968 a garin Dayi, ƙasar Malumfashi. Mahaifinta, Malam Bature, manomin auduga ne. Mahaifiyarta, Hansai, maɗinkiyar katifu da matasai.

Karatu

Ta yi firamare a Dayi, sakandare a Malumfashi, sannan ta karanci injiniyanci a Zariya. A 1993 ta samu tallafin karatu zuwa Turai, inda ta ƙware a ilimin zafi da sanyi na na'urorin sararin samaniya, fagen da gefen ƙarfe mai kallon rana yake ƙuna yayin da ɗaya gefen yake daskarewa.

Aure da Zuriya

Ta auri Malam Awaisu, malamin lissafi ɗan Tsiga, a 1996. Suka zauna a ƙasar waje, suna zuwa gida duk kaka.

Aiki

Wata cibiyar ƙera kumbo ta ɗauke ta a 1999, a sashen da ake ɗinka bargon kariya, wanda ake yi da shimfiɗu masu ƙyalli marasa kauri, wata bisa wata. A 2014 aka damƙa mata suturta kyamarar wani kumbo marar matuƙi da za a aika zuwa wani dutse mai yawo a bayan duniyar Mars. Gwajin farko ya gaza, domin ɗinkin keke yana matse shimfiɗun, ɗumi kuma yana tserewa ta sawun allura. Sai ta koma ga yadda mahaifiyarta take ɗinka katifa, ɗauri nesa-nesa kuma sako-sako don kada auduga ta dunƙule. Ɗumin ya daina tserewa. Abin da babu gwajin da ya iya tabbatarwa shi ne ko ɗinki mai sassauci haka zai jure doguwar tafiya. Idan ya warware, kyamarar za ta daskare, aikin ɗaruruwan mutane ya isa can a makance. Ta amince a harba kumbon haka, bisa alhakinta, a 2021.

Komawa Gida

A 2022 ciwon ƙoda ya sa ta ajiye aiki ta dawo Dayi. Yayanta Ɗanasabe yakan tsokane ta da cewa, "Duk bokon nan, ashe ɗinkin katifa kika je yi wa Turawa." Bayan la'asar takan sa a kai ta gonar mahaifinta, ta zauna a kan tabarma tana duban wani sashe na sama da babu komai a cikinsa. Ta taɓa bayyana wa jikokinta cewa a can babu iska ko ƙara, bargon kawai ke tafe yana walƙiya cikin shiru, rana tana ƙanƙancewa a bayansa. Mata masu dawowa daga tsinkar auduga sukan ce, "Hajiya, yau ina ɗan naki ya kai?" Ita kuma ta ce, "Yana hanya."

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Laraba, a watan Nuwamban 2024, aka yi jana'izarta aka binne ta a maƙabartar Dayi. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Mannir, Kausar, Bushra da Sada. Kumbon, wanda mutanen garin suke ƙidayawa a matsayin autanta, sai a 2029 zai isa dutsen ya buɗe ido.